Ƙanzon leda a jikin salansa, dan Allah a daina kai masa reza

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya ƙoƙari ya haƙuri da mu. Dan Allah a ɗan samma mini fili in yi magana da 'yan uwana masu moto na nan Damagaram, musamman 'yan kabu-kabu da yaran da ke wankin moto a bakin hanya, a kan wani abu da mutane za su ce ƙarami ne amma wallahi yana cin kuɗin talaka a banza.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne ranar Lahadin da ta wuce ƙanena ya ari motona ya je kasuwar Mirya, a hanyar dawowa iska ta kwaso wata baƙar leda ta liƙa ta a salansa, kafin ya iso gari ta narke ta kama kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya. Shi kuma don kada in yi faɗa sai ya biya wajen wasu yara masu wanki ya ba su dala ɗari ya ce su fitar masa da ita. Malam Edita da ka ga abin da suka yi da ka tausaya mini. Reza suka sa suka kankare, da ta ƙi fita duka suka bi da sanfefa, ledar dai ta fita amma ta tafi da sheƙin salansar gaba ɗaya, wurin ya yi zane-zane kamar kaza ta yi tono. Ban ga laifin yaran sosai ba don ba wanda ya taɓa koya musu, ni ma shekarun da na yi ina kabu-kabu sai da na ɓata salansa biyu kafin wani dattijon makanike ya zaunar da ni.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne wannan farin da ke ƙyalli ba shi ne ƙarfen ba. Shafe ne aka yi wa baƙin ƙarfe, kurom ake ce masa, kuma kaurinsa bai kai na gashin kai guda ba. Shi ke tsare ƙarfen daga tsatsa. In ka kankare shi to shikenan ba ya dawowa, ruwan farko na damina in ya sauka za ka ga wurin ya yi ja, baɗi kuma ya huje moto ya kama ƙara kamar injin niƙa, sai ka je neman mai walda ko ka sayi sabuwa. Ita ledar da ka ke jin haushinta ko shekara ta yi a wurin ba za ta huda maka salansa ba, muni kawai ne da warin da take yi in inji ya ɗau zafi.

To ga yadda dattijon nan ya koya mini, Allah ya jiƙansa. Leda zafi ne ya liƙa ta, zafi ne kuma zai sake ta. Ka tada moto ka bar shi ya yi minti biyu ko uku, ba wai ya yi jawur ba, ɗumin da zai sa ledar ta yi laushi kawai, sai ka kashe. Ka samu ɗan itace mai faɗin baki, ko tsohon muciya ko guntun katako daga wajen kafinta, ka riƙa turawa a hankali, za ka ga tana naɗewa tana fita kamar danƙo. Itace ba ya yi wa kurom rauni. Abin da ya rage sai ka goge da tsumman auduga mai kauri ka ninka shi sosai saboda hannunka, amma fa na auduga zalla, don in ka ɗauko tsohuwar rigar ƙwallo ko wani yadin roba to ka ƙara wa Barno dawaki, shi ma narkewa zai yi ya hau kan na farko. In bai fita a karo ɗaya ba ka sake ɗumamawa, wani sai an yi sau uku sau huɗu, aikin na mai haƙuri ne.

Bayan salansa ta huce sarai sai a bi sauran baƙin da ya rage. Ni toka nake sawa, tokar murhu da aka tankaɗe babu yashi ko ɗaya a ciki, a dama da ɗan ruwa a shafa da tsumma, yadda iyayenmu mata ke fitar da baƙin tukunya. Tankaɗewar nan ita ce maganar, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja layi, mu kuma nan garin yashi ne. Soson ƙarfe na wanke-wanke kuwa a bar wa mata abinsu, ya yi kaushi da yawa.

Sai abubuwa biyu da nake roƙo a bari saboda Allah. Na farko zuba isansi, wato man fetur, a salansa mai zafi. Na sha ganin yara suna yi wai yana narkar da leda, alhali ledar nan isansi ba ya narkar da ita, ai a jarkar roba ake sayar da shi kuma ba ta narke ba, abin da kawai za ka samu shi ne gobara ga tanki a kusa da kai. Tun 2011 matatar mai ta SORAZ ta fara tace mana mai, amma ba don a yi wanka da shi a gefen inji mai zafi ba ne. Na biyu ruwan batir. Wannan guba ce, yana cin kurom yana cin fata, in ya fantsama a ido kuma sai dai a yi ta addu'a. Ita sodar masu haɗa sabulu gaskiya tana fitar da ƙonannen mai, amma tana cinye alminiyom da fenti, ga murfin inji na alminiyom a nan kusa, don haka wanda bai iya ba kada ya soma.

Akwai kuma wanda ba datti ba ne sam. Wannan launin shuɗi-shuɗi ko ruwan zuma da ke fitowa a wuyan salansa kusa da inji, mutane su yi ta gurza suna cewa ya ƙi fita, ai ba abin da ya hau kai, zafi ne ya juya launin ƙarfen. In ya yi yawa a moton da bai tsufa ba to a kai wa makanike ya duba karbureta, sau da yawa iska ce ta fi mai yawa inji yana cin wuta fiye da kima. Masu baƙar salansa kuwa ta fenti, su ko toka kada su matsa da ita, itace da tsumma sun isa.

Ba leda kaɗai ba ce fa, rabin ƙanzon da nake gani na silifas ne da bakin hijabi da ƙafar wando, saboda samarinmu sun ɗauki wata sara ta kwance murfin da kamfani ya sa a gefen salansa wai moto ya fi kyau a haka. Kusoshi biyu ko uku ne kawai ke riƙe da shi, amma shi ke tsakanin ƙarfe mai zafi da ƙafar fasinja. Ka tambayi matan da ke hawa kabu-kabu daga kasuwar Dole zuwa Birni ko Kara-Kara nawa ne ba su da tabo a ƙwauri. Ita leda kuwa an yi dokar hana ta a ƙasar nan tun 2014, amma ka fita bayan gari lokacin hunturu ka ga yadda ta yi wa ƙayoyi ado, mu da kanmu muke zubarwa, ko ni da ke wannan surutu jiya a leda na sayo ƙosai.

Motona dai yanzu kullum da safe sai na shafa wa wurin ɗan man inji don ya jinkirta tsatsa, yana ɗan hayaƙi in na tada sannan ya daina. Ƙanen nawa ya ce zai saya mini sabuwar salansa in an girbe gero, muna nan muna jira. Na gode Malam Edita.

Naka,
wani tsohon ɗan kabu-kabu daga Garin Malam, Damagaram