A riƙa ware wa littattafan Hausa fili a jarida

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah ina roƙon ku ware ko da rabin shafi ne duk sati ku riƙa gabatar da littattafan Hausa masu daɗin karantawa, saboda mu nan karkara yaranmu sun ɗauka littafin Hausa shine kawai na soyayyan nan da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp, alhali rumbun cike yake.

Ni dai har gobe in aka ce in zaɓi ɗaya Magana Jari Ce zan ɗauka, na Alhaji Abubakar Imam, littafi uku ne. Aku ne fa yake ta jero wa Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida ya faɗa tarkon mugun waziri, kuma wallahi kai ma mai karatu haka akun zai riƙe ka, ka ce bari in ƙarasa wannan in kwanta sai ka ji ana kiran assalatu. Hausar ciki kaɗai ta isa makaranta. Sai Ruwan Bagaja shima nashi, wanda ya fito 1934 bayan gasar rubutu da aka yi a Zariya 1933, rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ko dattijo ya ji sai ya dara. Gasar nan ce dai ta ba mu Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shaihu Umar kam ba na dariya ba ne, labarin yaro ne da aka sace zamanin bauta aka ƙetara sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa tana nema, duk mai imani sai zuciyarsa ta karye. Yara da yawa sun san Tafawa Ɓalewa firaminista ne amma basu san marubuci ba ne, abin nan yana mun ciwo.

Kuma kar a ce sai na da. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? akan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, da Alhaki Kwikwiyo Ne akan maigidan da ya wulaƙanta matarsa da 'ya'yansa, abubuwan da muke gani da idonmu a ƙauyukan nan, inaga iyaye maza ma sun fi matan buƙatar karanta su. Akwai So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, akwai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, soyayya ce amma da tarbiyya da Hausa mai tsafta.

Inda nafi so ku maida hankali shine waɗanda ba ƙagaggun labarai ba, su aka fi mantawa da su. Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji tarihin Kano ne da sarakunanta, yaro ya karanta ya san asalin garin da yake zuwa cirani duk rani. Tafiya Mabuɗin Ilmi labarin tafiyar da Imam ya yi zuwa Ingila ne a 1943 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Motsi Ya Fi Zama kuma na Malam Aminu Kano. Ga Ikon Allah wanda Imam da Rupert East suka rubuta akan halittu iri-iri, kimiyya ce zalla amma cikin Hausar da ko manomin da yaƙi da jahilci kawai ya yi zai gane, yaron da sayans ɗin aji yake ba shi wahala saboda Turanci in ya samu wannan sai kansa ya buɗe. Mu 'yan Jigawa kuma muna da Mu'azu Haɗeja, waƙoƙinsa na gargaɗi akan giya da karuwanci suna nan a buga.

Matsalar dai samu ne. Ranar kasuwar Gujungu za ka zaga ka samu komi, shanu, hatsi, atamfa, cajar waya, amma mai littafi in ka ganshi ɗan abin da ya shimfiɗa a tabarma bai taka kara ya karya ba, sai mutum ya shiga mota har Kano kuɗin motar ya fi kuɗin littafin. Shiyasa nake cewa in kun gabatar da littafi ku haɗa da inda ake samunsa da farashinsa, masu zuwa birni sarin kaya sai mu basu sautu. Su ma shugabannin makarantu da ƙungiyar iyaye da malamai in suka gani a jarida ƙila su sayo ko kwali ɗaya ne a ajiye a ofishin hedimasta yara su riƙa ara.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
wani malamin firamare daga ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa