Ɗan Bakatsiniyar da ya tsere daga bauta a New York

Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi maganar wani mutum da ya tsaya mini a rai tun ranar da ɗana mai karatu a Dutse ya karanto mini labarinsa a waya, muna zaune gindin darbejiya bayan la'asar.

Sunansa Muhammadu Gado Baquaqua. An haife shi a Jugu, arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, garin da fatakenmu ke yada zango a hanyar Gwanja. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, shi da bakinsa ya faɗa. Aka yaudare shi aka sayar, hannu zuwa hannu har bakin teku, a 1845 jirgin bayi ya sauke shi a Pernambuco ta ƙasar Brazil. Ya yi wa wani mai gashin burodi bauta, ya sha duka har ya nemi halaka kansa, sannan aka sayar da shi ga wani matuƙin jirgin ruwa a Rio de Janeiro. A 1847 jirgin ya kai kayan kofi New York, inda doka ta riga ta hana bauta. Ya gudu, aka kama shi aka kulle, masu yaƙi da bauta suka taimaka ya sulale zuwa Haiti. A can ya shiga Kiristanci a 1848. Wannan bai yi mini daɗi ba, amma wanda bai taɓa kwana ɗaure a cikin jirgin bayi ba, ya yi hattara da yanke hukunci. Ya koma Amurka ya yi karatu a wata kwaleji a jihar New York, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. Burinsa ya dawo gida ya ga uwarsa. Ya kai Ingila, daga 1857 labarinsa ya yanke.

Abin da ya taɓa ni shi ne, kakata, Allah Ya jiƙanta, idan tana kaɗi da dare takan ce wan kakanta ya bi ayarin Gwanja da jakuna uku, ya ɗauki kanwa zai sayo goro, shiru har yau. Wai uwarsa har ta koma ga Allah tana ajiye masa tuwo a akushi. Mu yara muka ɗauke shi tatsuniya, ko sunansa ba wanda ya tambaya. Ban ce a Amurka ya ƙare ba. Amma ga shi sunan Katsina ya tsira a takardar da aka buga a Detroit, mu kuwa namu ya bi tsohuwa kabari.

Kuma kada mu ɗora wa Turawa laifin duka. Waɗanda suka fara sayar da Gado baƙar fata ne. A ƙauyenmu ma akwai gonakin da har yau ake ce wa rinji, kowa ya san dalili, ba mai son a tono.

Roƙona, ka ware shafi ko sau ɗaya a wata, masu karatu su riƙa aiko da salsalar gidajensu yadda suka ji daga bakin tsofaffi. Ni dai goggo ɗaya ta rage mini, ta haura tamanin, kunne ya fara nauyi. Ranar Juma'a bayan an sakko zan je mata da goro da wayar ɗana.

Naka,
Tsohon malamin firamare, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa