A riƙa fasa kwalbar wiski kafin a jefar da ita

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Na san maganar da na kawo ba irin wadda aka saba gani a shafin nan ba ce, na kuma san yawancin masu karanta jaridarku Musulmi ne, waɗanda ko ɗigon giya haramun ne a gare su. Ba tallarta na zo yi ba. Ni Kirista ne ɗan Kafanchan, shekarata 24 ina zuba wa baƙi abin sha a wani otel a Victoria Island da ke Legas, kwanana kuma a Agege cikin 'yan'uwa Hausawa. Abin da ya sa na ɗauki biro ya shafi yaranmu waɗanda ba su taɓa kai kwalba baki ba.

Akwai wani dattijon lauya Bayarabe da ke zuwa wajenmu duk Juma'a da yamma. Kujerarsa ɗaya, abin shansa ɗaya, wata wiski ta tsibirin Islay na ƙasar Sikotland, wanda mutanen can ke kira Aila. Ba ya son ƙanƙara, cewa yake sanyi na kashe ƙamshi. In na zuba masa awo ɗaya a ɗan kofin gilashi mai tsukakken baki, sai ya ɗiga ruwa sau uku ko huɗu, ya juya kofin a hankali, ya kai hanci bakinsa a ɗan buɗe, ya ajiye, ya koma kan jaridarsa. Kurɓar farko sai ta jima a kan harshe kafin ya haɗiye, sannan ya yi shiru yana jiran abin da zai biyo baya a maƙogwaro. Awon da bai kai cikin ƙaramin kofin shayi ba yakan kai shi minti arba'in. Ban taɓa ganin ya nemi na uku ba.

Wata Juma'a na fasa masa sabuwar kwalba a gabansa, murfinta a liƙe, takardarta tsaf. Ya kai hanci sau ɗaya, ya turo mini kofin. Ya ce, "Ɗana, wannan ba ta taɓa ganin hayaƙi ba." Na shinshina, jikina ya yi sanyi. Launi daidai, zafi daidai, amma a bayan zafin babu komai sai wani zaƙi-zaƙi da warin sinadari kamar na ɗakin allura. Muka duba sauran kwalaben da aka kawo tare da ita, uku daga ciki haka suke. Kwalaben na gaske ne, abin cikin ne jabu.

Sai na ɗan yi bayanin hayaƙin da yake nufi, don a nan maganar take. Mahaifiyata burukutu take dafawa, na tashi ina ganin ana jiƙa dawa, a bar ta ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi. Wiskin Sikotland ma haka take farawa, sai dai da sha'ir. Mutanen Islay, masu yin irin su Laphroaig da Ardbeg da Lagavulin, suna busar da tsiron a kan wutar wata baƙar ƙasa ta fadama, ruɓaɓɓiyar ciyawa da gansakuka ta dubban shekaru, wadda ake yanka kamar tubali a shanya ta zama makamashi. Hayaƙinta ne ke kama hatsin, ya bi shi har cikin kwalba. Wanda bai saba ba cewa yake yi warin kifin banda da maganin ciwo yake ji, kuma bai yi ƙarya ba. Ni kaina sai da na shekara biyu kafin hancina ya daina gudunta.

Inda suka rabu da burukutu shi ne tukunya. Ana dafa ruwan da ya tashi a manyan tukwanen jan ƙarfe, a tare tururin ya koma ruwa, yawanci sau biyu. Na farkon fitowa da na ƙarshe a ware su gefe, na tsakiya kaɗai ake ɗauka. Yana fitowa fari tas kamar ruwan famfo. Launi da mafi yawan ƙamshi daga ganga suke zuwa. Dokar 2009 da ke tsare sunan wiskin Sikotland ta ce sai ta kwana aƙalla shekara uku a gangar katakon wani itace da ake kira oak, a cikin ƙasar, kuma kada ƙarfinta ya gaza kashi 40 cikin ɗari. In ka ga an rubuta 12 a jikin kwalba, mafi ƙarancin shekaru a cikin abin da aka haɗa ke nan. Duk shekara kusan kashi biyu cikin ɗari na bin iska ta jikin katakon, suna kiran wannan rabon mala'iku, sunan da ni ma bai taɓa kwanta mini ba. Da ta shiga kwalba kuma tsufa ya tsaya, ko za ta shekara hamsin a kabad.

Gangar ce ke sa kowace ta fita daban. Amurkawa na yin tasu mai suna bourbon da masara, aƙalla kashi 51, yawanci a jihar Kentaki, kuma dole a sabuwar ganga da aka babbake cikinta. Shi ya sa take da zaƙi, kamar alewar madara da kwakwa. Tunda sau ɗaya dokarsu ta yarda a yi bourbon a ganga, sai mutanen Sikotland su saye tsofaffin su zuba tasu. Wasu kuma, irin su Macallan na yankin Speyside, sun fi son gangar da aka taɓa ajiye giyar inabi ta Sifen a ciki, tasu sai ta yi duhu ta riƙa tashin ƙamshin dabino da zabibi da kanumfari. Ta Ayaland irin su Jameson sau uku ake bi da ita ta tukunya, ba ta da kaifi, ita muke miƙa wa baƙon da bai san abin da yake so ba. Japanawa sun koyo a Sikotland, suka gina masana'antar Yamazaki a 1923, yau ga shi tasu ta fi ƙarfin aljihun yawancin baƙinmu. Maƙwabcina mai sayar da turare ya fi kowa saurin gane wannan bayani. Ko da wasa ba ya taɓa kayan aikina, amma ya ce shi ma haka yake raba turaren itace na gaske da wanda aka yi wa haɗi: na gaske yana sauyawa a fata daga safe zuwa azahar, na jabu ihu ɗaya yake yi ya mutu.

Ɗan jabu zai iya yin launin da ƙonannen sukari. Zai iya buga takarda a Mushin ko Shomolu wadda ba za ka raba ta da ta asali ba. Shekara goma sha biyu a ganga ce ba zai iya ba, amma bai damu ba, don a cikin masu saye ɗari da ƙyar ka sami ɗaya mai hancin lauyan nan. Sauran da lemon kwalba da ƙanƙara suke haɗawa a wajen biki, ga kiɗa ga hayaniya, wa zai tsaya shinshina? Abin da yake nema ido rufe shi ne kwalbar, mai nauyin nan, mai suna a zane a jikin gilashi, da murfinta da kwalinta. Wannan ba ya iya ƙerawa a bayan gida, sai ya saya.

A hannun wa yake saya? A nan ne abin ya zo har ƙofar gidana. Akwai wani yaro ɗan wajen Katsina a layinmu, da acaɓa yake yi, da gwamnatin Legas ta hana babura a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi biyar a watan Yunin 2022 aka kama nasa, ya koma jari bola da kura. Yaro ne mai ladabi, ba ya wasa da salla. Bayan abin da ya faru a otel da 'yan makonni na gan shi yana ware kaya, ƙarfe gefe, roba gefe, kwalabe gefe, sai wani ƙaramin buhu da ya naɗe da tsumma kamar mai ajiyar ƙwai. Na leƙa, na ga kwalaben da nake sayar da awo ɗaya nasu a kuɗin da ya fi cinikinsa na yini. Na tambaye shi. Ya ce, "Baba, ai waɗannan ba na awo ba ne, ɗai-ɗai ake saye. In da murfi kuɗin ya fi, in har da kwali to ranar na yi sa'a." A wuraren biki na Ikeja da gidajen masu hali yake tsinto su, wani mutum yana zuwa da mota duk Litinin ya kwashe. An gaya masa wai gyaɗa ake zubawa a ciki.

Gaskiya ne a Legas ana sayar da soyayyiyar gyaɗa a kwalbar giya, kowa ya gani a bakin titi. Amma mai gyaɗa ba ta neman kwali, ba ta duba ko takarda ta yage, kuma ba za ta sayi kwalba a kuɗin da ya fi na gyaɗar cikinta ba. Na zaunar da shi a bencin mai shayi na gaya masa inda suke zuwa. Ya yi shiru, ya ce, "Ni dai ban zuba komai ba." Na ce na sani.

Da zambar kuɗi ce kawai, da ban dame ku ba, masu sayen irin waɗannan kwalabe ba su rasa abin asara ba. Matsalar ita ce abin da ake zubawa. Mai neman arha yakan haɗa da metanol, sinadarin da ake aiki da shi a fenti da masana'antu. Cokalin shayi biyu nasa na iya makantar da mutum, abin da ya ɗara haka kaɗan na iya kashewa. A ido da baki kusan ɗaya suke da giyar sha, ko lauyan nan rashin hayaƙi ya kama, ba guba ba. Kuma ba nan take yake nuna kansa ba, sai bayan rabin yini ko yini guda mutum ya fara ciwon kai da amai, ido ya yi hazo. A 2015 metanol ya kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo, har aka fara cewa annoba ce ko fushin gunki, bayan 'yan watanni ya kashe gommai a jihar Ribas cikin masu shan ogogoro. A Disambar 2023 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta rufe shaguna a kasuwar Eziukwu ta Aba inda ta tarar ana ɗura abin sha na jabu a kwalaben manyan kamfanoni. Kwalaben nan daga bola suka fito, wani ne ya tsinto su.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa abin ba ya dawowa gida. Ina tashi daga aiki ƙarfe biyun dare, ina bi ta Obalende da Oshodi, na san su waye ke tsayawa wajen masu faraga, giyar da ake jiƙa da saiwoyi, da giyar leda, ba duka ne 'yan Kudu ba. Ledojin nan wasu har da sunan wiski a jiki, ni dai ban ga yadda abin da ya shekara uku a ganga zai zo a leda a kuɗin biredi ba. Tun 2018 NAFDAC ta ba masu yin su wa'adin shekara biyar su daina, ta fara kame a farkon 2024, aka yi ta ja-in-ja. Namu kuma a ɓoye yake sha, don haka in idonsa ya fara hazo ba zai gaya wa iyalinsa ko likita abin da ya sha ba, sai a yi ta maganin zazzaɓi lokaci na wucewa. Duk wanda ɗan'uwansa ya kwana lafiya ya tashi yana cewa ba ya gani sosai, a ja shi gefe a tambaye shi ba tare da tozarci ba, a garzaya babban asibiti, a faɗi gaskiya. Faɗa da nasiha sa biyo baya in ya rayu.

A otel ɗinmu yanzu kwalba ba ta fita da rai. Kafin a rufe mashayar ni da yarona mukan kankare takardar da wuƙa, mu fasa wuyan a cikin bokiti, murafu a wani buhu daban, kwali a yayyaga. Aikin minti goma ne. Fasasshen gilashi ma yana da masu saye, narkar da shi ake yi. Roƙona na farko ga masu otel da wuraren biki ne, da direbobi da masu gadi da kuku 'yan Arewa da ke aiki a gidajen Ikoyi da Lekki, don sau da yawa ta hannunsu shara ke fita: a fasa kafin a jefar, a naɗe a takarda saboda hannun mai kwasa. Na biyu ga Sarkin Hausawan Agege da sauran sarakunanmu na Legas, da shugabannin 'yan jari bola, da limamai da fastoci masu wa'azi da Hausa, su sanar da yara abin da ke cikin wannan ciniki. Ban ce a kama kowa ba. Yaron da aka ƙwace wa babur, ga haya ga aike gida, ba ni da bakin da zan zage shi don ya ɗauki abin da mai kuɗi ya yar.

Shi yaron layinmu ya ce zai tambayi malaminsu ko kuɗin halal ne. Ban bi shi na ji amsar ba. Ranar Litinin da ta wuce na ga motar ta zo, ta tsaya a bakin layi, ba wajensa ta nufa ba, wajen wasu yara biyu sababbin zuwa ta tsaya.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani ma'aikacin otel,
Agege, Legas.