Baƙonku bai san abin da yake faɗa ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Raina ya ɓaci ƙwarai da maganar baƙonku a shirin lafiya na ranar Asabar, wai barin mai taɓin hankali ya tsara kuɗin jinyarsa da kansa, yadda ake yi a Ingila, almubazzaranci ne, kuma dangi ne za su cinye. Mai gabatarwa kuwa ko tambaya ɗaya bai yi masa ba!

Ƙanena a gidana yake zaune a nan Ingila. An taɓa tsare shi a asibiti ƙarƙashin sashe na 3 na dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, don haka da aka sallame shi sashe na 117 ya ba shi kulawa kyauta. Tun Disamban 2019 kuma irinsu suna da haƙƙin a ware musu kasonsu daga kuɗin NHS, wato hukumar kula da lafiya ta gwamnati. Ba wanda ya damƙa masa kuɗi ya ce je ka ka ci. Zama aka yi da shi da ma'aikaciyar da ke bibiyar lafiyarsa, aka rubuta abubuwan da za su hana ciwon tashi, kowa ya sa hannu. Kuɗin suna asusu na daban, ana bin rasit. Ba a caca da su, ba giya, ba taba, ba biyan bashi. Ni da muke gida ɗaya ma doka ba ta yarda a biya ni ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. To, ta ina dangi za su ci?

Cibiyar da ake tura su su wuni, ya ce ba ya so, zaman can ƙara masa damuwa yake. Sai ya ɗauki wani matashi mai jin Hausa yana raka shi Juma'a da kasuwa, ya kuma shiga koyon ɗinki. Magani na nan yadda likita ya rubuta, ba a taɓa shi ba. Yaron da ya daina fita ko ƙofar gida, yanzu shi ke tashina sallar asuba, alhamdulillahi. Cike takardun akwai wahala, wannan gaskiya ce, amma ba shi baƙonku ya faɗa ba.

Ina roƙon ku gayyato wanda ya yi jinyar kansa ya yi magana da bakinsa, ku gyara wannan ɓarna.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin hira. Mahaifiyarmu kunnenta ya yi nauyi, rabin shirin ba ta ji, sai na maimaita mata.

Naku,
Mai sauraronku daga Birmingham