Ka bar wa jikinka darensa

Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke lafiya nan Katsina.

Ƙanwarka ta nuna mini hoton da ka ɗora a WhatsApp, ka tuɓe riga kana nuna damtse. Tubarkallah, na gani. Amma idanunka na tsaya kallo, sun faɗa, ƙarƙashinsu ya yi baƙi. Saƙonka na ranar Talata kuma ƙarfe 2:40 na dare ya shigo, ga shi ka ce kana idar da sallar Asuba kake wucewa ɗaga ƙarfe. Yaushe kake barcin?

Ba hana ka zan yi ba. Tun kana yaro kake cika gwangwanin fenti da siminti, ka soka bututu a tsakiya, kana nishi a bayan ɗakina. Amma na daɗe ina aikin jinya, na san abin da kwanan zaune ke yi wa jiki. Duk makon da na yi aikin dare, tulun ruwa ma nauyi yake yi mini.

Ƙarfen da kake ɗagawa yayyaga zaren tsoka yake yi, ƙananan yaga da ido ba ya gani. Ɗinkin sai ka huta ake yin sa, a nan tsokar ke ƙara kauri. Akwai wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sakin sinadarin girma, kuma mafi yawansa tana sakinsa ne cikin barci mai nauyi na farkon dare, daidai lokacin da kake riƙe da waya. A 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun taƙaita wa samari lafiyayyu barci zuwa awa 5 har mako guda, sinadarin mazantakarsu ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Mako guda fa, Babana. Kai wata nawa ka yi a haka?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rauni. Mai jin barci hannunsa na rawa, hankalinsa na tafiya, ga ƙarfe a saman ƙirjinsa. Ciwon baya in ya kama mutum yana saurayi, yana iya riƙa dawo masa.

Namiji kamarka yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Kakanka da ka ci sunansa buhun gero yake saɓawa a kafaɗa shi kaɗai, kuma bayan Isha'i ba ka ƙara jin muryarsa. Ka daina shan Nescafe da lemon ƙara kuzari bayan La'asar, don rabin sinadarin hana barcin da ke cikinsu yana nan a jininka bayan kamar awa 5. Gaɓar da ka wahalar yau, ka bar ta kwana biyu. Daren da barci bai samu ba, washegari ka rage nauyi ko ka haƙura. Kuma don Allah duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ko allura wai ta ƙara ƙarfi, ka rabu da shi.

Na ba direba ƙuli-ƙuli da wake zai kawo maka ranar Asabar. Ka riƙa haɗawa da ƙwai da nono. In za ka kira ni, ka kira kafin ƙarfe goma.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka