A ba ƙwallon kwando na jami'o'i nasa gurbi a filin wasanni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a sanya labarin kakar 2022 zuwa 2023 ta ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Jami'ar Connecticut da ke Amurka a cikin shirinku na wasanni, wanda kusan kullum ƙwallon ƙafa na Turai ke cinye lokacinsa.

Ƙungiyar, a ƙarƙashin mai horarwa Dan Hurley, ta ci wasanninta 14 na farko a jere, sannan ta yi tuntuɓe a tsakiyar kaka har ta sha kaye sau 6 cikin wasanni 8, abin da ya sa masu sharhi da yawa suka cire rai da ita. Amma da aka shiga gasar NCAA, wato gasar cin kofin ƙasa ta jami'o'in Amurka, a watan Maris, inda duk wanda aka doke sau ɗaya sai ya tattara nasa ya nasa, ta lashe wasanninta 6 duka, kowanne da ratar da ta haura maki 10. Ta lallasa Jami'ar Gonzaga da ci 82 da 54, kuma a ranar 3 ga Afrilu 2023, a birnin Houston, ta doke Jami'ar San Diego State a wasan ƙarshe da ci 76 da 59 ta ɗauki kofinta na biyar.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne Adama Sanogo, ɗan wasan ƙungiyar kuma ɗan Bamako ta ƙasar Mali, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan matakin ƙarshe na gasar. Azumin Ramadan ya kama ana tsaka da gasar, kuma bai ajiye azuminsa ba, haka ma abokan wasansa Samson Johnson da Hassan Diarra. A wasan kusa da na ƙarshe da Jami'ar Miami, ya sha ruwa ne gab da fara wasa, amma ya ci maki 21, sannan ya ƙara 17 a wasan ƙarshe. Duk wanda ya san ƙishirwar mai azumi bayan la'asar ya san nauyin wannan aiki.

Yaranmu da ke atisaye a filayen makarantu sun cancanci su ji cewa ɗan Afirka ta Yamma, Musulmi, ya haɗa karatun jami'a da wasa da ibada. Ina fata za ku ware ko da minti biyar ne a kowane mako, musamman a watan Maris, domin wannan gasa.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Zariya