Sanarwa: Darasin Vim Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Ranar Asabar da ƙarfe 8 na dare za mu fara koyon Vim, manhajar rubutu da gyara fayil, tunda mai aiki da tsarin kwamfuta na Linux ba ya rasa cin karo da shi.

Kafin nan, kowa ya saka shi a kwamfutarsa, ya buga vimtutor a layin umarni, ya bi darasin. Kamar rabin awa ne.

Inda sabon shiga ke rikicewa: da ka buɗe Vim, harafin da ka danna umarni ne, ba rubutu ba. Danna i ka yi rubutu, Esc ka koma yanayin umarni. :wq ajiyewa da fita, :q! fita ba ajiya.

Wanda ya maƙale ya turo hoton allonsa, babu kunya.

Allah ya kai mu lafiya.